Hana Masu Tarihin Laifi Mallakar Bindiga: Ina Ya Dace a Shata Iyaka?

A cikin dukkan hanyoyin da gwamnatoci ke bi don rage yawon bindiga a hannun farar hula, babu wadda ta samu karɓuwa kamar hana wanda kotu ta taɓa samu da laifi ya mallake ta. Ko a Amurka, inda batun bindiga ya raba kan jama'a gida biyu, da wuya a sami wanda zai fito fili ya ce a sayar wa ɗan fashi da makami bindiga ranar da ya fito daga kurkuku. Dalilin wannan karɓuwa a bayyane yake, domin dokar ba ta taɓa mai bin doka ba, kuma ta dogara ne da hukuncin da alƙali ya riga ya yanke bayan an gabatar da hujjoji. Sai dai da yake kowa ya yarda da ita, ba a cika tsayawa a bincika yadda take aiki ba, alhali kuwa a nan ne ainihin matsalar take. A ganina tushen dokar daidai ne, amma inda aka shata iyakarta a Amurka ya sa tana kama mutane da yawa da ba su da haɗari, tana kuma ƙyale wasu da haɗarinsu a fili yake.

Dokar tarayyar Amurka ba ta fara da faɗin da take da shi yanzu ba. Wadda aka kafa a 1938 ta taƙaita ne ga waɗanda aka samu da laifin da ya ƙunshi amfani da ƙarfi a kan wani. A 1961 aka faɗaɗa ta har ta haɗa duk wani babban laifi, sannan a 1968, shekarar da aka harbe Martin Luther King da Robert Kennedy, Majalisar Dokoki ta zartar da dokar da ta zama ginshiƙin tsarin har yau. Ma'aunin da ta ɗauka shi ne duk laifin da doka ta ce ana iya ɗaure mai shi fiye da shekara ɗaya. A lura da kalmar «ana iya», domin ba a duban hukuncin da alƙali ya yanke wa mutumin a zahiri, ana duban mafi tsananin hukuncin da dokar ta tanada ne. Saboda haka wanda bai taɓa kwana a kurkuku ba yana iya rasa ikon riƙe bindiga ko harsashi ɗaya har ƙarshen rayuwarsa, kuma idan aka kama shi da ita yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 15.

Hujjar da dokar ta tsaya a kanta tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Philip Cook da Jens Ludwig da Anthony Braga sun bi bayanan waɗanda aka kama da laifin kisan kai a jihar Illinois, a binciken da suka wallafa a 2005, suka gano cewa kimanin kashi 71 cikin 100 an taɓa kama su a cikin shekara 10 da suka gabata, kimanin kashi 43 kuma an taɓa yanke musu hukunci kan babban laifi. Idan aka tuna cewa masu irin wannan tarihi 'yan kaɗan ne a cikin jama'a, za a ga cewa tashin hankali mai kai wa ga kisa ya fi taruwa a hannun mutanen da hukuma ta riga ta sani. Amma waɗannan alƙaluma suna da wata fuskar da ba a cika ambata ba: fiye da rabin masu kisan ba su da hukuncin babban laifi a waɗannan shekaru, wato dokar da ta tsaya kan babban laifi kaɗai ba za ta hana su sayen bindiga ba.

A nan ne aikin Garen Wintemute na Jami'ar Kalifoniya ya ƙara haske. Shi da abokan aikinsa sun bi mutanen da suka sayi ƙaramar bindiga bisa ƙa'ida a jihar har tsawon shekara 15, suka wallafa sakamakon a 1998. Wanda ke da hukuncin ƙaramin laifi ko da guda ɗaya ne, yiwuwar a sake tuhumarsa da wani laifi ta ninka ta wanda ba shi da tarihi fiye da sau bakwai. Mazan da aka samu da ƙananan laifukan duka ko makamantansu sau biyu ko fiye kuwa, yiwuwar a tuhume su da kisa, ko fyaɗe, ko fashi, ko mummunan raunata wani ta ninka kusan sau 15. Dukkan waɗannan mutane dokar tarayya ba ta hana su komai ba. Kalifoniya ta ga wannan gibi tun 1991, ta hana masu ƙananan laifukan tashin hankali mallakar bindiga na shekara 10, kuma da Wintemute ya kwatanta waɗanda suka saya kafin dokar da waɗanda aka hana bayanta, ya tarar da cewa masu sayen sun fi waɗanda aka hana afkawa cikin sabon laifin bindiga ko na tashin hankali da kusan kashi 30 cikin 100.

Abin da ya sa wannan gibi ya yi faɗi shi ne yadda shari'ar laifuka ke gudana a Amurka. Mafi yawan ƙararraki ba sa kai wa ga cikakken zaman kotu, ana kammala su ne da yarjejeniya tsakanin mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake tuhuma: ya amsa laifi mai sauƙi, a janye masa mai tsanani. Mutumin da ya karya wa wani muƙamuƙi yana iya fita da hukuncin ƙaramin laifi idan ya sami lauya mai kaifin baki ko shaidu suka ja da baya. Sunan da aka rubuta a takarda a ƙarshe ya dogara da jihar da abin ya faru, da yawan aikin da ke gaban mai gabatar da ƙara, da kuma ƙarfin aljihun wanda ake tuhuma. Doka da ta jingina da wannan suna kaɗai ta gāji duk rashin daidaiton da ke cikinsa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ga labarin Bryan Range na jihar Pennsylvania. A 1995 ya amsa laifin rage adadin kuɗin shigarsa a takardar neman tallafin abinci na gwamnati don ciyar da iyalinsa. Ba a ɗaure shi ba, an sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara uku ya kuma biya abin da ya karɓa. Amma da yake laifin na iya jawo ɗaurin shekara biyar a dokar jihar, sai ya rasa ikon mallakar ko da bindigar farauta, har sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Philadelphia ta ba shi gaskiya a 2023, ta kuma sake tabbatar da hakan a ƙarshen 2024. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan doka da ta kama Range ta keɓe laifukan da suka shafi haɗa baki don danne gasa a kasuwanci da makamantansu, ta ce ba sa cikin lissafi. Ashe masu dokar sun san cewa ba kowane babban laifi ne ke nuna haɗari ba, sai dai sun tuna da hakan ne a kan manyan 'yan kasuwa, suka manta da shi a kan talakan da ya yi ƙarya don abinci. Amy Coney Barrett, tun kafin ta hau kujerar Kotun Ƙoli, ta rubuta a 2019 a wata shari'ar da ta saɓa wa abokan zamanta cewa tarihi ya ba majalisa ikon karɓe makami daga masu haɗari, amma bai ba ta ikon yi wa duk mai babban laifi kuɗin goro ba. A kan wannan gaɓa ina tare da ita.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar da ke ƙalubalantar wannan ra'ayi, kuma daga binciken Wintemute ɗin ta fito. Ko mai ƙaramin laifi guda ɗaya da bai shafi bindiga ko duka ba, an ga yiwuwar a tuhume shi da laifin bindiga ko na tashin hankali ta ninka ta marar tarihi kusan sau biyar. Ke nan karya doka ko wace iri ce tana ɗauke da wata alama, kuma ba za a ce mai zamba ko ɓarawon da bai taɓa ɗaga hannu a kan kowa ba daidai yake da wanda bai taɓa shiga hannun hukuma ba. Abin da wannan ke nunawa a wurina shi ne a yi wa irin waɗannan hani na ɗan lokaci, wanda zai faɗi da kansa idan suka zauna lafiya. Bai kai ga halatta hanin har abada ba.

Birtaniya ta ɗauki hanya mai kama da wannan tun dokarta ta 1968. A can ana duban hukuncin da aka yanke wa mutum a zahiri: wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye an hana shi har abada, wanda aka ɗaure daga wata uku zuwa ƙasa da shekara uku an hana shi na shekara biyar daga ranar da ya fito, kuma kowannensu na iya zuwa kotu ya nemi a ɗage hanin. Alƙalin da ya ga shaidu ya auna girman laifin shi ne, a fakaice, ya auna tsawon hanin. Sai dai ba a iya ɗauko wannan tsari a dasa a Amurka kai tsaye, domin a Birtaniya hanin ƙaramin sashe ne na babban tsari inda kowa sai ya nemi lasisi daga 'yan sanda, ya kawo mutanen da za su tsaya masa, a duba lafiyarsa, kuma ana iya hana shi ko da babu hukuncin kotu a kansa. A Amurka kuwa mallakar bindiga haƙƙi ne da gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya tanada tun 1791, don haka tarihin laifi ya zama kusan ƙofa ɗaya tilo da ake tsare mutum a bakinta, nauyin da ya fi ƙarfinta.

Wurin da dokar ta fi nuna amfaninta shi ne cin zarafi a cikin gida, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Shekaru da dama mijin da ya lakaɗa wa matarsa duka yakan tsira da bindigarsa, saboda irin waɗannan ƙararraki kusan kullum a ƙaramin laifi suke ƙarewa. A 1996 Sanata Frank Lautenberg ya jagoranci gyaran da ya sa ƙaramin laifin cin zarafin iyali cikin abubuwan da ke hana mallakar bindiga, har ga 'yan sanda da sojoji. Binciken Jacquelyn Campbell na 2003, wanda aka gudanar a birane 11, ya nuna cewa idan mai cin zarafin yana iya kai hannu ga bindiga, haɗarin ya kashe matar ya ninka kusan sau biyar. Bambancin wannan da sauran laifuka shi ne an san wadda ke cikin haɗarin, an san mai barazanar, an ma san lokacin da abin ya fi muni, wato sa'ad da matar ta yi yunƙurin barin gidan. Babu buƙatar ƙiyasi a kan jama'a gaba ɗaya. Duk da haka sai a 2022 ne dokar tarayya ta haɗa da samarin da ke dukan 'yan matan da ba su aura ba kuma ba su zauna tare ba, inda aka sa musu hani na shekara biyar idan laifin guda ɗaya ne. Wannan gyara ya nuna cewa majalisar ta san yadda ake rubuta hani mai wa'adi idan ta ga dama.

Rubuta hani a takarda abu ne mai sauƙi, tabbatar da shi ne aiki. Daga 1968 zuwa farkon shekarun 1990, a yawancin jihohi abin da ake buƙata kawai shi ne mai saye ya sa hannu a takarda cewa ba shi da laifi, babu mai bincikawa. Dokar Brady ta 1993, wadda aka sa wa sunan kakakin Shugaba Reagan da aka harba a 1981, ita ce ta wajabta wa dillalai masu lasisi su binciki tarihin mai saye, kuma a 1998 hukumar FBI ta buɗe rumbun bayanai na NICS domin wannan aiki. Tun daga lokacin an ƙi sayar wa miliyoyin mutane. Amma rumbun ba ya sanin abin da ba a zuba masa ba. Mutumin da ya kashe mutane 26 a wani coci a Sutherland Springs ta jihar Texas a 2017, kotun soja ta riga ta same shi da laifin dukan matarsa da ɗanta ƙarami, amma rundunar sojin sama ba ta aika bayanin ba, ya shiga shago ya sayi bindiga ba tare da wata tangarɗa ba. Daga baya wani alƙalin tarayya ya ɗora wa gwamnati kashi 60 cikin 100 na alhakin abin da ya faru. A Charleston a 2015, inda aka kashe masu ibada tara, binciken bai kammala ba saboda kuskure wajen gano ofishin 'yan sandan da ke riƙe da rahoton kamun, kuma doka ta ba dillali damar miƙa bindigar idan kwana uku na aiki suka wuce babu amsa.

Babban gibin ma ba a shago yake ba. Dokar tarayya ba ta wajabta bincike idan wanda ba dillali ba ne ya sayar wa wani ɗan jiharsu bindigarsa, sai dai in jihar ta kafa nata sharaɗin. Ma'aikatar Shari'a ta tambayi fursunoni a 2016 inda suka samo bindigar da ke hannunsu lokacin da suka aikata laifi: kimanin kashi 43 cikin 100 sun ce a kasuwar bayan fage, kusan kashi 25 daga dangi ko abokai, kimanin kashi 6 sata suka yi, kashi 10 kacal ne suka samo ta hanyar sayen da aka saba a fili. Masu adawa da dokar suna cewa wannan shaida ce cewa ba ta da amfani. Ni ina ganin alƙaluman suna nuna cewa ƙofar shago ta rufu, masu laifi suka koma ta baya, inda farashi ya fi tsada, kaya ba su da tabbas, kuma samun mai sayarwa na ɗaukar lokaci. Wannan jinkiri kansa yana da daraja a laifin da sau da yawa fushin sa'a guda ne ke haifar da shi. Amma dole a yarda cewa Ludwig da Cook, da suka auna tasirin dokar Brady a 2000, ba su ga raguwar kisan kai da za a iya jingina mata ba. Inda aka fi ganin alamar tasiri shi ne jihohin da suka sa mai saye ya fara neman izini daga hukuma, ko ma daga wa zai saya: masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun danganta dokar Connecticut ta 1995 da raguwar kisa da bindiga, suka kuma danganta soke irinta da Missouri ta yi a 2007 da ƙaruwarsa.

Akwai kuma abin da tarihin laifi ba zai taɓa gani ba. Wanda ya buɗe wuta kan taron jama'a a Las Vegas a 2017 ya sayi makamansa bisa ƙa'ida, haka wanda ya kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Scotland a 1996 yana da lasisi. Sannan fiye da rabin mace-macen da bindiga ke jawowa a Amurka mutane ne da suka kashe kansu, waɗanda yawancinsu ba su da wata matsala da kotu. Duk wanda ya gabatar da wannan doka a matsayin maganin matsalar baki ɗaya ya yi mata alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Batun da ya fi damuna shi ne na har abada. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa 2010 kimanin Amurkawa miliyan 19 ne ke da hukuncin babban laifi, wato kusan kashi 8 cikin 100 na manya, amma a cikin maza baƙar fata adadin ya kai kusan ɗaya cikin uku. Yaƙin da aka yi da miyagun ƙwayoyi tun shekarun 1980 ya faɗa wa unguwannin baƙaƙe fiye da sauran, kuma hanin bindiga ya bi sawun wannan kame. Ana cewa hali zanen dutse ne, amma alƙaluma ba su goyi bayan hakan a kan kowa ba. Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura sun bi mutanen da aka fara kamawa a New York a 1980, suka ga cewa wanda ya zauna bai sake laifi ba na tsawon shekara huɗu zuwa takwas, gwargwadon shekarunsa da irin laifinsa, yiwuwar a sake kama shi tana sauka zuwa ta sauran tsararrakinsa. Dattijo mai shekara 60 da aka kama da ƙwaya yana ɗan 19 ba shi ne mutumin da ya kamata 'yan sanda su ɓata lokaci a kansa ba. Dokar tarayya ta tanadi hanyar neman a mayar wa mutum haƙƙinsa, amma tun 1992 Majalisa ta hana hukumar da ke kula da bindigogi kashe ko sisi wajen duba irin waɗannan buƙatu, sai a 2025 Ma'aikatar Shari'a ta fara yunƙurin farfaɗo da hanyar a ƙarƙashin ofishinta.

Kotun Ƙoli ita ma tana matsowa ga wannan tambaya sannu a hankali. A shari'ar Heller ta 2008 ta tabbatar da haƙƙin mutum na ajiye bindiga a gida, ta kuma ce hukuncin bai taɓa hanin da ke kan masu manyan laifuka ba. A shari'ar Bruen ta 2022 ta ce dole kowace dokar bindiga ta sami makamanciya a tarihin ƙasar, abin da ya buɗe ƙofar ƙararraki irin na Range, ya kuma sa kotunan ɗaukaka ƙara suka saɓa wa juna. A shari'ar Rahimi ta 2024, alƙalai takwas cikin tara suka amince a karɓe bindiga daga wanda kotu ta ba umarnin ya nisanci tsohuwar abokiyar zamansa, suna dogara da abubuwa biyu: alƙali ya tabbatar cewa mutumin barazana ne ga wani, kuma hanin na ɗan lokaci ne. Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne dai dokar 1968 ba ta da su.

Ko da an gyara iyakar, akwai aikin da yawancin jihohi ba su taɓa ɗauka da muhimmanci ba, wato bindigar da mutum ya riga ya mallaka kafin a yanke masa hukunci. Binciken tarihi yana hana sabon saye ne kawai, ba ya shiga gida ya ɗauko wadda ke cikin akwati. A wurare da yawa alƙali kan gaya wa mai laifi cewa daga yau ba shi da ikon riƙe bindiga, sannan a sallame shi ba tare da an nemi shaidar cewa ya miƙa ta ba. Kalifoniya ta kafa tsarin da ke haɗa rajistar masu bindiga da sabbin hukunce-hukuncen kotu, jami'ai kuma su je ƙofar gida su karɓo makamin, amma aikin yana cin kuɗi da ma'aikata, kuma sunayen da ke jiran a kai gare su sun daɗe suna haura dubu 20. Jihohin da ba su da rajistar masu bindiga ba su ma da inda za su fara, kuma dokar tarayya ta 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa irin wannan rajista.